Digiri na biyu a kan gudanar da harkokin al'adu: in tafi ko in zauna?

Ɗan Matan Fada ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina leƙowa ina karanta na wasu, yau dai tawa ce ta kawo ni.

Ni mutumin Argungu ne, aiki ya zaunar da ni Birnin Kebbi. Hausa na karanta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na gama a 2014, na yi hidimar ƙasa, na sha zaman jira, sai a 2017 Allah ya sa na samu aiki a wani ofishi da ke hulɗa da makaɗa da 'yan rawa da masu sana'ar hannu. Ba zan faɗi sunan wurin ba, kun san dalili. Ina mataki na 9, da mata da yara biyu, da 'yar gonar shinkafa a fadama wadda ita ke rufa mini asiri in albashi ya ƙare tun goma ga wata.

Ina son in yi digiri na biyu a fannin manufofin al'adu da gudanar da harkokin fasaha. Abu biyu suka jefa ni cikin wannan tunani.

Shekara uku ke nan aka ɗora mini jagorancin tawagar mutum 22 zuwa wani taro a Abuja. Kuɗin tafiya bai fito ba sai ana gobe tashi, shi ma rabi. Mun wuce Yawuri lafiya, kafin mu kai Kontagora zafin injin motar da aka jibge kayan kiɗa a kansa ya fasa fatar kotso biyu. Tsohon da ke jagorantar makaɗan, wanda ya haura saba'in, bai ce da ni uffan ba. Ya sa aka tsaya, ya shiga gari ya nemo mai haɗa ganguna, ya sayo fata, ya zauna a gindin wata dogonyaro a bakin tasha yana ɗaurawa yana jan tsarkiya da haƙori har la'asar sakaliya. Naira 9,000 na ba shi daga kuɗin tafiya. Da muka dawo aka ce in kawo rasiɗin duk abin da na kashe. To wa zai ba ka rasiɗin fatar akuya? Odita ya ƙi karɓa, aka cire a albashina. Na yi fushi a lokacin, daga baya na ga mutumin aikinsa ya yi. Ni ne ban ware ko sisi don gyaran kayan kiɗa ba, alhali tun ina yaro nake ganin fata na fashewa.

Na biyun ya fi cin raina. A sitonmu akwai kwalaye cike da kaset da aka ɗauka tun zamanin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a fitar da Kebbi a 1991. Akwai kiɗan fada, da waƙoƙin masunta, da kiɗan noma, da hira da tsofaffin da duk sun riga mu gidan gaskiya. Rufin ɗakin yana yoyo, gara ta fara cin kwalayen daga ƙasa. Sau biyu ina rubuta takardar neman a kwashe su zuwa kwamfuta. Ta farko ta dawo da haruffan nan uku da kowane ma'aikaci ya sani, KIV, wato sai wani jiƙon. Ta biyu ko dawowa ba ta yi ba. Wani na gaba da ni ya ja ni gefe ya ce, "Takardar nan taka waƙa ce." Na koma na karanta, wallahi gaskiyarsa. Shafi uku na cika da darajar gadon kakanni, ban faɗi ko kaset nawa ne ba, balle nawa za a kashe, wa zai yi aikin, cikin wata nawa.

Kuma ku dubi abin da muke da shi. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a garinmu, a 2016 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya, amma lokacin da aka sa shin ma an yi shekaru ba a shiga ruwa ba, sai a Maris 2020 aka dawo da shi bayan kusan shekara goma. Ga gidan tarihi na Kanta, ginin 1831 wanda ya zama gidan tarihi a 1958. Ga bikin Uhola a Zuru, ga na Rigata a Yawuri. Makaɗi muna da shi, masunci muna da shi, mai iya zama da akanta ya kare su ne ya yi ƙaranci, ni kuma da aka ɗauka don haka ga inda na tsaya.

To a ina ake wannan karatu a Nijeriya? In sai an fita waje, ya cancanci in bar iyali da gona shekara guda? In na dawo, takardar za ta ƙara mini wani abu a aiki, ko bango kawai za ta yi wa ado? Da na gaya wa mahaifina, sai da ya gama alwala tukuna ya ce, "Yanzu kiɗan ma sai an yi mai digiri biyu?" Har yau ban samo amsar da zan ba shi ba.

Tsohon Akawu ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗiyana. Ku yi haƙuri da Hausata, ta gida ce ke kuɓuce mini.

Na yi shekara 35 cikin irin wanga aiki naka kafin in aje. Ina saurayi anka tafi da mu Kaduna hawan daba na FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, aikina riƙon littafin alawus na masu kula da dawaki. Tun daga ranar har na bar aiki, littafin kuɗi shi ne a hannuna, ba ganga ba. Ka gaya ma mahaifinka haka nan: ba kiɗa za ka koyo ba, lissafi da doka da rubutu za ka koyo, don kada a ci haƙƙin mai kiɗa. Shina iya ganewa, manomi ya san bambancin mai huɗa da mai awo.

Zancen fatar kotso ya ba ni dariya da takaici. Cikin dokokin kuɗi na gwamnati akwai takardar da ma'aikaci ke sa ma hannu bisa amana, cewa ya kashe kaza a wurin da ba a ba da rasiɗi, shugabanshi ya tabbatar. Don irin mai fata da mai jaki da mai kwalekwale anka yi ta. Da ka cike ta, da 9,000 ɗinka na aljihunka. Wagga ba ta buƙatar digiri, tana buƙatar ka ari littafin dokokin kuɗi ka karance shi kamar yadda ka karance nahawu.

Haka zancen kaset. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wajen tsakiyar shekara zuwa bayanta takardar kiran kasafi ke fitowa, kowane ofishi ya rubuto abin da yake so baɗi. In aikinka bai shiga nan ba, ba shi da layi, in ba shi da layi ko shugabanka na son ka kamar ɗan cikinshi ba inda zai ɗebo kuɗin. Kai kuma ka kai takarda watan Maris kana kukan gara. Bayan an sa layin ma da saura, sai an kare shi gaban masu kasafi, inda mai asibiti da mai hanya da mai taki ke zaune kusa gare ka, kowa da hujja mai nauyi. Nan ne na ga mutanenmu na al'adu suna faɗuwa shekara da shekaru. Sai mu tashi mu ce al'ada ita ce tushen al'umma, a gyaɗa kai, a ba mu kuɗin man mota.

Ba rashin takardun manufa ke damun mu ba. An ƙaddamar da manufar al'adu ta ƙasa tun 1988, na karanta ta har ta yage. A 1991 anka yi dokar asusun tallafa ma fasaha, masu sana'ar har yau suna cigiyar asusun.

In shawarata kake so, fara da gida. Hukumar NICO ta wayar da kai kan al'adu, wadda anka kafa a 1993, tana da makarantar horaswa da ke ba da difloma da babbar difloma kan gudanar da harkokin al'adu, don ma'aikata irinka anka yi ta. In hankalinka ya fi karkata ga gidan tarihi da adana kaya, hukumar gidajen tarihi ta ƙasa na da cibiyar koyarwa a Jos. Amma kafin ka biya ko kwabo, je ka tambayi masu kula da ma'aikata, a rubuce, ko takardar na cikin waɗanda ake lissafawa wurin ƙarin girma a layin aikinka. Kuma kada ka ɗaga ƙafa sai takardar hutun karo ilimi ta fito da sa hannu. Na san yara biyu da sunka tafi bisa "je ka, za mu gyara", sunka dawo sunka iske an tsai da albashi.

'Yar Zuru ta rubuta:

Baba Akawu, Allah ya ƙara girma. Duk abin da ka faɗa haka yake, sai dai wuri ɗaya zan ɗan saɓa maka, da izininka.

Malam Ɗan Matan Fada, ni na yi irin karatun da kake magana, a Ingila, shekara ɗaya. Can fanni ne mai zaman kansa. Goldsmiths a Landan suna da mastas a kan gudanar da harkokin fasaha da manufofin al'adu, Jami'ar Warik tana da cibiya guda a kan manufofin al'adu da kafofin watsa labarai, King's College ma suna yi. A Amurka akwai shi a Jami'ar Jihar Ohayo da Carnegie Mellon. Kusa da gida, Jami'ar Wits a Johanasbag tana da sashensa, kuma matsalolin da suke tattaunawa sun fi kama da namu.

Ba a taɓa sa mu rawa ba ko sau ɗaya. An koya mana yadda ake rubuta neman tallafi, da karanta lissafin kuɗin ƙungiya, da kwangila tsakanin mai shirya biki da mai wasa, da haƙƙin mallaka, da yadda ake ƙidaya masu zuwa kallo a san su waye, da tarihin yadda gwamnatoci suka shiga harkar fasaha da dalilinsu. An tura ni wata uku wani ƙaramin gidan wasan kwaikwayo, aikina zama da mai sayar da tikiti da mai rubuta rahoto ga masu ba su kuɗi.

Rabin abin ba ya dasuwa a ƙasarmu, gara ka sani tun yanzu. Tsarinsu ya ginu a kan hukumar fasaha da suka kafa tun 1946, inda gwamnati ke ba da kuɗi ta ja da baya, wasu masana daban su zaɓi wanda za a ba. Tun 1994 kuma ana ɗibar wani kaso na kuɗin cacar ƙasa ana zubawa a harkar. Mu kuwa biki yana tsakanin fada da gidan gwamnati da ɗan kasuwar da ya ga dama. Ranar da malaminmu ya yi awa biyu yana bayanin farashin tikiti, ina zaune ina tunanin Uhola: wa zan tsayar a ƙofa in ce ya biya, alhali garin ne gaba ɗaya filin, kuma masu kallon su ne masu wasan? Da na faɗi haka a aji aka yi shiru, malamin ya ce in rubuta aikina na ƙarshe a kai. Shi na yi.

Ga inda na saɓa wa Baba. Littafin dokokin kuɗi zai koya maka yadda za ka bi tsarin da ka tarar ba tare da an cire maka albashi ba. Ba zai sa ka tambayi ko tsarin daidai ne ba. Me ya sa bikin da ya kai shekara 90 zai dogara da ko gwamnatin da ke ci tana sha'awarsa? Me zai hana a yi masa asusu da kwamitin amintattu, da kwanan wata tsayayye da mai otal da mai mota za su shirya a kansa tun bara? Nawa ne ke shiga aljihun masuncin da ya faɗa kogin Matan Fada da gora da homa, in an kwatanta da mai kwangilar rumfa? A can na koyi yin irin waɗannan tambayoyi da adadi a hannu. A can kuma na gane cewa shiga jerin UNESCO ba kuɗi ba ne, alkawari ne ƙasa ta ɗauka cewa za ta kula da abin, har da rahoton da ake kaiwa duk shekara shida. Mutane da yawa a gida suna zaton wata dala ce ke zuwa duk wata ana cinyewa.

Batun kuɗi: kada ka sayar da gona. Kuɗin makaranta kaɗai ga baƙo yakan kai fam 20,000 ko ya wuce, ban da haya da abinci, ka buga da canjin yau ka gani. In ba tallafi, a bar zancen. Chevening na gwamnatin Birtaniya shi ya fi dacewa da irinka. Suna son wanda ya yi aiki aƙalla shekara biyu, ka zaɓi kwas uku, ka yi alkawarin komawa gida shekara biyu bayan gamawa, kuma wajen watan Agusta suke buɗe shafin nema. Akwai na Commonwealth da ake bi ta hukumar ba da tallafin karatu ta tarayya. Ka kuma sani tun Janairun 2024 wanda ya je irin wannan mastas da kuɗin kansa ba ya tafiya da iyali.

In za ka rubuta musu, don Allah kada ka fara da "Nijeriya ƙasa ce mai ɗimbin al'adu". Sun karanta wannan sau dubu. Ba su labarin tsohon nan da ke jan tsarkiya a tashar Kontagora, da kwalayen da gara ke ci, ka faɗi abin da ka kasa da abin da kake son ka iya. Ni sai a nema na biyu na samu, na farkon waƙa na rubuta irin taka.

Da na dawo ba a ƙara mini ko mataki ɗaya ba. Shekara biyu na yi na bar aikin, yanzu ina rubuta wa ƙungiyoyi takardun neman tallafi ina kuma shirya taruka. Ina samun abin da ya fi albashin, amma ba fansho, kuma wata uku kan wuce ba aiki.

Na Gusau ya rubuta:

Malam, ni ba zan ɓoye maka ba. Yi mastas a kan mulki da gudanarwa ko harkar kasuwanci a Sakkwato, na ƙarshen mako, kana aikinka kana nomanka. Takarda ce da kowace ma'aikata ta sani, in an yi maka canjin wurin aiki gobe zuwa lafiya ko ilimi tana tare da kai. Wannan da kake nema kuwa, in ka fita daga ɗan ofishin nan naku wa zai tambaye ka ita?

Kuma mu a nan Zamfara, wane biki? Mutumin da ba ya iya zuwa gonarsa, wanda sai ya yi addu'a ya yi sallama da iyali kafin ya hau hanyar Funtuwa, shi za ka ce ya zo kallon kokawa? Ƙauyukan da makaɗan suke ma da yawa sun watse. A samu zaman lafiya tukuna. Ka ga ita kanta Hajiya da ta je Ingila ta ce ba a ƙara mata komai ba.

Ɗan Matan Fada ya rubuta:

Na Gusau, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, mu ma ta ɓangaren Zuru da Danko-Wasagu mun ɗanɗana. Maganarka ta takardar da kowa ya sani ta shige ni. Amma watsewar ƙauyukan nan ita ce ta sa kaset ɗin suka hana ni barci. A cikinsu akwai waɗanda aka ɗauka a ƙasar Anka da Maradun lokacin muna jiha ɗaya. In garin ya tashi, tsohon ya rasu, kaset ya ruɓe, ranar da zaman lafiyar ya dawo me za mu nuna wa yaran da aka haifa a sansani?

Malamin Tsangaya ya rubuta:

Ina koyarwa a jami'a, bari in sa baki ta ɓangarenmu.

Ƙanena, a gida kada ka tsaya neman kwas mai wannan suna sak. Abin a warwatse yake. A Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero akwai sashen wasan kwaikwayo da fasahar aiwatarwa, inda gudanar da gidan wasa da harkar al'adu ke cikin abin da ake karantarwa. A Zariya kuma akwai sashen binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, in adana gado ne ya fi damunka. Jami'ar Maiduguri tana da cibiya a kan ɗorewar al'adu, wadda ta yi haɗin gwiwa da Jami'ar Hildashayim ta Jamus da ta Kef Kos a Gana, kuma aikinsu ya shafi al'adun mutanen da rikici ya raba da gidajensu, irin abin da kai da Na Gusau kuke magana. In kana jin Faransanci, ko kana da niyyar koyo tunda Kamba da Dole Kaina na bakin iyakar Nijar ba nisa, Jami'ar Senghor a Iskandariya ta Masar tana da sashen al'adu da aka gina don ma'aikatan Afirka.

Da digirinka na Hausa ma kana iya komawa sashenku ka yi mastas a al'ada, ka karkata binciken zuwa gudanarwa. A mataki na biyu, malamin da zai duba aikinka ya fi sunan kwas muhimmanci. Nemi wanda ya taɓa zama a kwamitin biki ko ya yi aiki da gidan tarihi, ka same shi ka zauna da shi kafin ka sayi fom. Ka kuma sa a ranka cewa shekara biyun da aka rubuta tana iya zama uku ko huɗu. Yajin aikin 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Tallafin TETFund kuwa na malaman manyan makarantun gwamnati ne, bai shafe ka ba.

Abin da ya sa na tsaya rubutu shi ne kaset ɗin nan. Duk shekara ɗalibai na zuwa mini da take irin "Gudummawar bukukuwan gargajiya wajen bunƙasa tattalin arziki", su raba takardar tambayoyi ɗari, su dawo da abin da kowa ya sani. Kai kuwa bincikenka na nan a sito yana jiran ka. Kwashe sauti zuwa kwamfuta shi ne mai sauƙin. Bayan an kwashe, na wane ne? Na ofishin da ya ɗauka, ko na makaɗin, ko na magadansa, ko na fadar da aka yi wa waƙar? Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, shi kuwa ɗaukar sautin shekara 50. Ta kuma yi tanadi dabam ga abin da yake na al'umma ne ba na mutum ɗaya ba, kamar waƙoƙin masunta da ba a san wanda ya fara su ba, cewa ba a kasuwanci da su sai da izinin hukumar haƙƙin mallaka. To in wani yaro ya ɗora kiɗan a YouTube yana karɓar kuɗi, jikokin makaɗin suna acaɓa a Jega, wa zai bi musu? Akwai kuma hirar da tsoho ya yi bisa amana, ya faɗi asirin gidansu, bai san wata rana duniya za ta ji a waya ba. Wa ke da ikon cewa a saki ko a rufe? Wanda ya zauna ya warware wannan a kan kwalaye na gaske ya yi karatun manufofin al'adu, ko me aka rubuta a kan takardar shaidarsa.

Ko Ingila za ka, da wannan za ka je. Ina goyon bayan Hajiya a nan.

Ɗan Matan Fada ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Akawu, na samo littafin dokokin kuɗin a wurin akantanmu. Sai da ya dube ni sama da ƙasa, ya ce tun da ya zo ofishin ba wanda ya taɓa aron sa. Na ga takardar amanar da ka faɗa. Na yi shiru kawai.

Ga inda na tsaya yanzu. Gona ba za ta tafi ba, uwargida ma ta ce in na sake ambaton sayarwa za ta kai ƙarata wurin mahaifina. Zan nemi Chevening in sun buɗe, in ba a dace ba in sake nema kamar yadda Hajiya ta yi. Kafin nan na rubuta wa masu kula da ma'aikata ina tambayar matsayin babbar diflomar NICO, ina jiran amsa a rubuce. Na Gusau, ban watsar da taka ba, na karɓo bayanin kwas ɗin ƙarshen makon na ajiye.

Ranar Asabar na karɓi makullin sito na shiga da tsintsiya da littafi. Kaset 214 ne. Guda 61 ruwa ya taɓa su, zaren ya manne ya yi fari-fari, ban san ko za su tashi ba. Wajen 40 ba rubutu a jikinsu ko kaɗan. Sauran an rubuta gari da shekara da biro, mafi tsufa 1983. Na ɗauke su daga ƙasa na jera a kan tebur nesa da inda ke yoyo, na sa ledar shinkafa guda biyu na rufe. Takarda ta uku da nake rubutawa shafi ɗaya ce, da jadawali, kuma zan riƙe ta sai takardar kiran kasafi ta fito.

Na je gida jiya na gaya wa mahaifina maganar mai huɗa da mai awo. Ya ce to, Allah ya sa mai awon ya ji tsoron Allah. Sai ya tambaye ni ko cikin kaset ɗin akwai na masuntan unguwarmu, don ƙanen kakana yana cikin masu amshi a shekarun nan. Ban iya ba shi amsa ba, saboda rediyon ofis ta daɗe da mutuwa, kuma Malamin Tsangaya ya ja mini kunne ta saƙo cewa kada in kuskura in sa tsohon kaset a na'urar da ban yarda da ita ba, tana iya cinye zaren. Don haka in akwai wanda ke da rediyo mai kaset mai lafiya a Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega, ko ya san mai gyaran da har yanzu yake da bel da kan karatu, don Allah ya yi mini magana. Zan zo da kaina in ɗauka, in kuma mayar.